Besbol na yara a Amurka: dokokin wasan da yadda ake gudanar da shi

A watan Agustan kowace shekara, hankalin masu sha'awar wasanni a Amurka kan koma wani ɗan ƙaramin gari mai suna South Williamsport a jihar Pennsylvania, inda yara 'yan shekara 10 zuwa 12 ke fafatawa a gasar duniya ta wasan besbol.

Hukumar Little League ce ke shirya gasar. Hukumar ta ce tana da yara kimanin miliyan biyu da ke wasa a ƙarƙashinta a ƙasashe fiye da 80.

Dokokinta sun samo asali ne daga na wasan manya, amma an sassauta wasu, an tsaurara wasu, an kuma ƙirƙiro sababbi. Akasarinsu na da ɗaya daga cikin manufofi uku: kare lafiyar yaro, ba kowane yaro damar yin wasa, da toshe ƙofar magudi daga ɓangaren manya.

Asalin hukumar

Wani ma'aikaci mai suna Carl Stotz ne ya kafa Little League a garin Williamsport a 1939, bayan ya shafe shekara guda yana gwada girman filin da zai dace da yara tare da 'ya'yan 'yar'uwarsa da abokansu.

An fara da ƙungiyoyi uku, kowace ɗauke da sunan kamfanin da ya saya mata kayan wasa. An buga wasan farko ranar 6 ga watan Yunin 1939, inda Lundy Lumber ta doke Lycoming Dairy da ci 23 da 8.

A 1947 aka yi gasar zakaru ta farko. A 1964 majalisar dokokin Amurka ta ba hukumar takardar amincewa ta tarayya, wadda shugaba Lyndon Johnson ya sanya wa hannu.

Sai a 1974 aka soma karɓar 'yan mata, bayan shari'ar da aka yi a jihar New Jersey kan wata yarinya mai suna Maria Pepe, wadda aka cire daga ƙungiyarta saboda kasancewarta mace.

Akwai wasu hukumomin da ke shirya wasan na yara, irin su Babe Ruth League da PONY Baseball, kowace da nata bambancin dokoki. Sai dai na Little League su ne suka fi shahara.

Yadda wasan yake

Ƙungiyoyi biyu ne ke karawa, kowace da 'yan wasa tara. Yayin da ɗaya ke bugu, ɗayar na tsaron fili, daga nan su yi musanya.

A filin akwai tashoshi huɗu da aka jera kamar kusurwoyin murabba'i: gida, da tasha ta ɗaya, da ta biyu, da ta uku. Mai jifa na tsayawa a tsakiya ya jefa ƙwallo wajen mai bugu, wanda ke tsaye a gida riƙe da sanda. Bayan mai bugu kuma akwai mai cafka a tsugune, sannan alƙalin wasa.

Idan mai bugu ya doki ƙwallon cikin fili, sai ya yar da sanda ya sheƙa zuwa tasha ta ɗaya. Duk ɗan wasan da ya taka tashoshin uku bi da bi ya dawo gida ba tare da an fitar da shi ba, ya samar wa ƙungiyarsa maki ɗaya.

Idan kuwa ƙwallon ya tsallake shingen bayan fili yana sama, to mai bugun da duk abokansa da ke kan tashoshi za su zagayo gida ba tare da tsangwama ba. Wannan shi ake kira hom ran.

Manyan hanyoyin fitar da ɗan wasa huɗu ne. Ko dai a cafe ƙwallon da ya buga tun bai taɓa ƙasa ba, ko a riga shi kai ƙwallon tashar da ya zama dole ya je, ko a taɓa shi da ƙwallon yana tsakanin tashoshi, ko kuma ya yi kuskure uku a gaban mai jifa.

Ana rubuta wa mai bugu kuskure idan ya kai duka ya rasa ƙwallon, ko ya ƙi kai duka alhali ƙwallon ya bi ta saman gida a tsakanin hammatarsa da saman gwiwarsa. Ƙwallon da ya buga ya fita ta gefen layi shi ma kuskure ne, amma ba a lissafa irinsa a matsayin na uku.

Mai jifa ma na da nasa haddin. Idan ya yi karkataccen jifa har sau huɗu, mai bugu bai kai duka ba, to mai bugun zai wuce tasha ta ɗaya kyauta. Haka nan idan ƙwallon ya same shi a jiki.

Da zarar an fitar da mutum uku, sai ƙungiyoyin su yi musanya. Idan kowace ta yi bugu sau ɗaya, an kammala turmi guda. Manya na buga turmi tara, yaran Little League kuwa turmi shida. Babu agogo kamar na ƙwallon ƙafa.

Fili da kayan wasa

Tsakanin tasha da tasha ƙafa 60 ne, wato kimanin mita 18, maimakon ƙafa 90 na filin manya. Daga wurin mai jifa zuwa gida ƙafa 46 ne, kimanin mita 14, alhali na manya ƙafa 60 da inci 6 ne.

Shingen bayan fili kan kasance ƙafa 200 daga gida. A filayen da ake gasar duniya an mayar da shi ƙafa 225 a 2006, domin yara sun riƙa tsallakar da ƙwallo fiye da kima.

Tsawon sanda ba ya wuce inci 33. Tun daga 1 ga watan Janairun 2018, sandar da ba ta katako zalla ba dole ta ɗauki tambarin hukumar USA Baseball, wanda ke nuna cewa ba ta cilla ƙwallo da ƙarfin da ya zarce na katako sosai.

Mai bugu da masu gudu dole su sa hular kwano mai rufe kunnuwa biyu. Dokta Creighton Hale, wanda daga baya ya shugabanci hukumar, shi ne ya ƙera irin wannan hula a 1959.

Mai cafka ya fi kowa ɗaukar kaya: makarin fuska mai ɗauke da makarin maƙogwaro, da na ƙirji, da na ƙwauri. An hana takalmi mai ƙusoshin ƙarfe ga 'yan shekara 12 zuwa ƙasa.

Rukunan shekaru

Hukumar na karɓar yara daga shekara 4 zuwa 16. A wasan besbol, ana ɗaukar shekarun da yaro zai kai ranar 31 ga watan Agusta a matsayin shekarunsa na wannan kakar.

Rukunin farko na 'yan shekara 4 zuwa 7 ne, inda babu mai jifa. Ana ɗora ƙwallon ne kan wani ɗan turken roba yaro ya buga.

Sai ƙaramin rukuni, inda a wasu wurare koci ko na'ura ke jifa kafin yaran su fara yi da kansu. A nan ƙungiya na ajiye sanda da zarar ta ci maki biyar a turmi guda, ko da ba a fitar da mutum uku ba.

Babban rukuni na 'yan shekara 9 zuwa 12 ne, kuma daga cikinsa ake samun masu zuwa gasar duniya. Kowace ƙungiya na da 'yan wasa 12 zuwa 15, da koci ɗaya da mataimaka biyu.

Sama da shi akwai rukunin 'yan 11 zuwa 13, wanda aka ƙaddamar a 2013, mai tazarar ƙafa 70 tsakanin tashoshi da ƙafa 50 na jifa. Daga nan sai rukunai biyu na matasa da ke buga turmi bakwai. Tun 1989 kuma akwai rukuni na musamman domin yara masu naƙasa.

Kafin a fara da kuma sauyin 'yan wasa

Gab da lokacin fara wasa, alƙalan wasa kan gana da kocin kowace ƙungiya a gida. Kocin masu masauƙi ne ke fara miƙa jerin sunayen masu bugu, sannan na baƙi. Daga wannan lokaci ikon fili ya koma hannun alƙalai, su ne ke da hurumin dakatar da wasa saboda ruwan sama ko duhu.

Baƙi ne ke fara bugu. Dole a bi jerin sunayen yadda aka rubuta har ƙarshen wasa.

A wasan manya, wanda aka sauya ya fita ke nan. A na yara kuwa, wanda ya fara wasa zai iya komawa, muddin wanda ya maye gurbinsa ya sami rabonsa na wasa. Amma mai jifan da aka cire daga jifa ba ya sake jifa a wannan wasan.

A babban rukuni koci na iya zuwa wurin mai jifa sau ɗaya a turmi. Idan ya koma karo na biyu a turmin, ko karo na uku a wasan, dole ya sauya shi.

Ƙidayar jifa

Dokar da ta fi kowace jan hankali ita ce ta ƙidayar jifa, wadda ta fara aiki a 2007.

Kafin nan, ana iyakance yawan turmin da yaro zai yi jifa a mako ne. Matsalar ita ce turmi ɗaya na iya ƙarewa da jifa goma, wani kuma ya ci arba'in, don haka lissafin turmi ba ya nuna wahalar da hannu ya sha.

Likitocin ƙashi, ciki har da Dokta James Andrews na jihar Alabama, sun daɗe suna gargaɗi kan raunin gwiwar hannu da kafaɗa a tsakanin yara. Dalili shi ne ƙasusuwan yaro ba su gama ƙwari ba, kuma jifa mai ƙarfi a kai a kai na lahanta guringuntsin da ƙashi ke girma ta wurinsa.

Iyakar jifa a rana ita ce 50 ga 'yan shekara 7 da 8, sai 75 ga 'yan 9 da 10, sai 85 ga 'yan 11 da 12, sannan 95 ga 'yan 13 zuwa 16. Idan yaro ya kai iyaka yana tsakiyar karawa da mai bugu, ana barinsa ya gama da shi.

Hutu ma an ƙayyade shi. Ga 'yan shekara 14 zuwa ƙasa, wanda ya yi jifa 66 ko fiye zai huta kwana huɗu. Daga 51 zuwa 65 kwana uku, daga 36 zuwa 50 kwana biyu, daga 21 zuwa 35 kwana ɗaya. Wanda bai wuce 20 ba zai iya jifa washegari, amma ba a yarda yaro ya yi jifa kwana uku a jere ba.

Alal misali, ɗan shekara 12 da ya yi jifa 70 ranar Asabar, ba zai sake jifa ba sai ranar Alhamis.

Tun da mai cafka ma na mayar da ƙwallo bayan kusan kowane jifa, an haɗa da shi a lissafin. Wanda ya yi jifa 41 ko fiye ba zai koma cafka a ranar ba, wanda kuma ya yi cafka a turmi huɗu ba zai yi jifa ba.

Akan naɗa mutum guda ya riƙe ƙidayar, ya sanar da alƙali idan an kai iyaka. Duk da haka, alhakin cire yaron na wuyan kocinsa ko an sanar ko ba a sanar ba.

Kowa sai ya taɓa

A wasannin kaka, duk yaron da ya halarta dole ya yi bugu aƙalla sau ɗaya, ya kuma tsaya tsaron fili har a fitar da mutum shida.

Idan koci ya saɓa, yaron zai fara wasa na gaba ya rama abin da ya rasa. Kocin kuma za a ba shi gargaɗi a rubuce a karon farko, a dakatar da shi wasa ɗaya a karo na biyu, a karo na uku kuma har ƙarshen kaka.

Tun 2023, a gasar zakaru ta yara duk 'yan ƙungiyar da suka halarta na shiga jerin masu bugu, ko suna tsaron fili ko suna benci. Hakan ya sa koci ba zai iya dogara ga gwanaye tara kaɗai ba.

Dokokin gudu

A wasan manya, mai gudu na iya matsawa daga tasharsa tun kafin a yi jifa. A babban rukuni da na ƙasa da shi, dole ƙafarsa ta kasance kan tasha har sai ƙwallon ya isa wurin mai bugu. An yi haka ne saboda gajartar tazarar tashoshin.

An hana sulalewa da kai a gaba yayin zuwa sabuwar tasha, wanda ya yi haka an fitar da shi. Idan kuma mai tsaro na riƙe da ƙwallo yana jiransa, dole mai gudu ya sulale da ƙafa ko ya kauce. Bangaje mutum laifi ne.

Haka nan ba a yarda yaron da ke jiran layinsa ya tsaya gefe yana kaɗa sanda ba, don kada ya maki wani.

Yadda wasa ke ƙarewa

Idan an tashi kunnen doki bayan turmi shida, ana ƙara turmi har a sami mai nasara.

Idan ruwa ko duhu ya katse wasa, sakamakon na tsayawa muddin an kammala turmi huɗu, ko uku da rabi idan masu masauƙi ne ke gaba. Idan an ji tsawa, shawarar hukumar ita ce a bar fili, kada a koma sai bayan minti 30 da jin ta ƙarshe. Ga 'yan shekara 12 zuwa ƙasa, ba a fara sabon turmi bayan ƙarfe goma na dare.

Akwai kuma dokar sassauci. Idan wata ƙungiya ta ba da ratar maki 15 bayan turmi uku, ko maki 10 bayan turmi huɗu, ana tsayar da wasan, don kada a karya wa yara gwiwa.

Alƙalai da ƙorafi

Akasarin alƙalai da kociyoyi 'yan sa-kai ne, har da waɗanda ke alƙalanci a gasar duniya. A Amurka, tun 2003 ake binciken tarihin duk mai son aiki da yaran domin kare su daga masu lalata.

Ba a ƙorafi kan abin da alƙali ya gani da idonsa, kamar ko jifa ya karkace ko mai gudu ya riga ƙwallo isa. Ana ƙorafi ne kan kuskuren fassara doka, ko amfani da ɗan wasan da bai cancanta ba.

Idan kan fassarar doka ne, dole koci ya yi magana kafin jifa na gaba, sannan ya miƙa wa shugaban reshe bayani a rubuce cikin sa'a 24. A gasar duniya an fara amfani da hoton bidiyo wajen sake duba hukunci a 2008.

Shekaru da iyaka

Kowane reshe na da iyakarsa a taswira, kuma yaro na wasa ne a reshen da gidansu ko makarantarsu take. Kafin gasar zakaru sai an gabatar da takardar haihuwa da shaidar wurin zama. Manyan abin kunyar da hukumar ta fuskanta duk a nan suka taso.

A 1992 an ƙwace kofin duniya daga ƙungiyar Zamboanga ta Filifin saboda amfani da 'yan wasan da ba su cancanta ba, aka miƙa shi ga Long Beach ta jihar California.

A 2001 wani mai jifa na ƙungiyar Bronx ta New York, Danny Almonte, ya ba kowa mamaki da ƙarfin jifansa. Bincike a Jamhuriyar Dominika ya nuna shekarunsa 14 ne, ba 12 ba, aka soke duk nasarorin ƙungiyar.

A 2015 kuma an ƙwace kambin Amurka na 2014 daga ƙungiyar Jackie Robinson West ta Chicago, bayan an gano cewa an faɗaɗa taswirar iyakarta don shigo da yara daga waje.

Hanyar zuwa gasar duniya

Bayan kaka, kowane reshe na zaɓar gwanayensa su haɗu a ƙungiya ɗaya. A Amurka suna fafatawa daga gunduma zuwa jiha zuwa shiyya, a sauran duniya kuma daga matakin ƙasa zuwa na yanki.

Daga 2001 ƙungiyoyi 16 ke zuwa gasar, sannan aka mayar da su 20 a 2022, goma daga Amurka, goma daga waje. Zakaran Amurka ne ke karawa da zakaran sauran ƙasashe a wasan ƙarshe a filin Howard J. Lamade. An soke gasar 2020 saboda annobar korona.

Monterrey ta Meziko ce ƙungiyar waje ta farko da ta ci kofin, a 1957. Ƙungiyoyin Taiwan sun ci sau 17 tsakanin 1969 da 1996, sannan suka sake ci a 2025. A 2014 Mo'ne Davis ta Philadelphia ta zama yarinya ta farko da ta yi jifa har aka tashi wasa ba a ci ƙungiyarta ko maki ɗaya ba.

Daga Afirka, wata ƙungiya ta Yuganda ta cancanci zuwa a 2011, amma Amurka ta hana ta biza saboda saɓani a takardun shekarun yaran. A 2012 ƙungiyar garin Lugazi, ita ma daga Yuganda, ta zama ta farko daga nahiyar da ta buga wasa a South Williamsport, kuma Yuganda ta sake samun wakilci a 2015.